WA YA KAMATA YA FARA ƘOSHI?

Akuya ba ta da dokar ci. In an zuba dusa, mai-ƙarfi ta tunkuɗe marar-ƙarfi ta cika cikinta, ba kuwa wanda za ya ce ta yi rashin kunya. Amma babu wata al'umma ta 'yan adam da ba ta kafa wa kanta ƙa'idodin cin abinci ba: wa za ya zauna ina, wa za ya fara sa hannu, me za a faɗa kafin a ci, me za a ajiye wa wanda ba ya nan. Waɗansu suna cewa wannan duka al'ada ce kawai, kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Mu kuwa muna gani akwai maganar adalci a cikin akushi. Tambayar da mu ke so mu bincika a wannan wata ke nan: sa'anda abinci ba za ya ishi kowa yadda ya ke so ba, wa ya kamata ya fara ƙoshi?

Ladabin Akushi a Ƙasarmu

A nan Mashi, da sauran garuruwan da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, kowane yaro ya san dokar akushi tun bai iya ƙirga ba, ko ɗan masu-bi ne ko ɗan maƙwabtanmu Musulmi. Sai an wanke hannu, a zauna a tabarma, a ambaci sunan Allah. Da hannun dama a ke ci. Yaro ba ya riga babba sa hannu. Yakan riƙe bakin kwano da hagunsa domin kada ya yi ta juyawa. Kowa gabansa ya ke ci, ba a miƙa hannu a ƙetare zuwa gaban wani. In akwai nama, ba a taɓa shi sai babba ya raba. Wanda daɗin miya ya kwashe shi har ya shiga surutu, sai a ce ya yi santi, a yi masa dariya. In kuwa wani ya zo wucewa, ko ba a san shi ba, lalle a ce masa, "Bismilla."

Bari mu duba da kyau, me waɗannan dokoki su ke tsarewa? Wanda aka ce ya ci gabansa, an hana shi cin rabon ɗan'uwansa. Da aka ce nama sai an raba, an kare mai-sanyin hannu daga mai-saurin hannu. Akwai kuma wata doka da ta fi su duka, ko da shi ke ba a cika faɗarta ba: babban da ya fara sa hannu, shi ne ya ke fara cire hannu. Dattijon kirki ba ya suɗe kwano. Yakan tashi da sauran wuri a cikinsa, ya tura wa ƙananan ragowar, har da tsokar da ya ɓoye musu a gefe.

Haka nan kuma ciyayya. Da maraice magidanta sukan fito da akusansu ƙofar gida, a jera, a ci wannan a koma wancan. Wanda aka yi miyar nama a gidansa da wanda aka kaɗa kuka ba mai, duka a tabarma ɗaya. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ranan nan, shi ma ya sa hannu, ba mai-tambayarsa ina nasa. Kakanninmu sun sami hanyar ciyad da matalauci ba tare da sun tona asirinsa ba.

Baƙo fa, ruwa a ke fara kawo masa tun ba a tambayi abin da ke tafe da shi ba. Tarihin baka na Daura ma daga nan ya ɗauko: baƙo ya sauka da dare a gidan wata tsohuwa ya roƙi ruwa, aka rasa, gama macijin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗiba sai ran Jumma'a. Garin da ba za ya iya ba baƙo ruwa ba yana cikin ƙunci ƙwarai. Bayan ruwa sai fura, kana a kai masa tuwo ɗaki a rufe da faifai, mai-gida ya ba shi wuri, domin kada kunya ta hana shi ƙoshi.

Wata Al'umma Mai-nisa

Domin mu ga namu da kyau, bari mu leƙa gidan waɗansu. A kudu maso gabashin Turai akwai ƙasar Sabiya, babban birninta Belgirad, a bakin kogin Danub. Dā tana cikin tarayyar Yugoslabiya, a 2006 ta tsaya ita kaɗai. Yawancin Sabiyawa 'yan Ekklesiyar Otodoks ne, wadda ta sami mulkin kanta a 1219 ta hannun Saba, babban limaminsu na fari. Turkawa suka mallake su shekaru ɗaruruwa, sai a 1878 sauran ƙasashen Turai suka yarda da cikakken 'yancinsu. Cikin wannan dogon zamani, yawancin abin da ya riƙe bangaskiyarsu a cikin gida aka tsare shi, wajen cin abinci.

In baƙo ya shiga gidan Basabiye mai-riƙe da al'ada, uwargida takan tarye shi da tire: ruwa a kofi, da wani abin zaƙi na 'ya'yan itace da aka dafa da sukari, suna ce da shi slatko. Cokali ɗaya a ke ɗauka a kora da ruwa. In babban baƙo ne, da gurasa da gishiri a ke marabtarsa. Kafin a ci sukan yi wa juna fatan a ci lafiya, mai-gida kuwa ba ya gajiya da cewa a ƙara. Suna yin Kirsimeti ran 7 ga Janairu, gama ekklesiyarsu tana bin tsohuwar kalanda. Ranan nan sukan gasa gurasa ɗaya da kuɗin ƙarfe a ciki, dukan iyali su kama ta su kakkarya, yaro da babba kowa da yankinsa.

Amma babbar al'adarsu ita ce wadda su ke kira Slaba. Kowane gida yana da rana ɗaya cikin shekara da ya ke tunawa da wani tsarkaka na dā, wanda kakanninsu suka ɗauka majiɓincin gidan, ɗa kuwa yana gadon ranar daga ubansa. Gidaje da yawa ran 19 ga Disamba su ke yi, ranar Nikolas, waɗansu ran 6 ga Mayu, ranar Jojis. Akan kunna doguwar kyandir, a kawo gurasa mai-alamar giciye, da dafaffiyar alkama da aka haɗa da sukari domin tunawa da waɗanda suka rigaya. In ranar ta faɗo cikin azuminsu, ba nama, ba madara, sai kifi da wake da ganye. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin jerin al'adun gado na duniya.

Abin da ya sa muka kawo labarinsu shi ne wannan. A gidajen da su ke bin al'ada sosai, mai-gida ba ya zama ranan nan. Muddin kyandir tana ci, yana tsaye, yana taryen baƙi, yana zuba musu, yana duban wanda kwanonsa ya yi ƙasa. Shi ya sayi kome, ranar gidansa ce, duk da haka shi ne baran kowa. Sun kuma ce ba a korar wanda ya shigo ranar Slaba.

Ba mu ce a kwaikwaye su cikin kome ba. Ba mu roƙon tsarkakan da suka mutu, gama Matsakanci ɗaya mu ke da shi. Ruwan anab da barasar da su ke sha a bikin ba hanyar ekklesiyoyinmu ba ce. A cikinsu ma akwai masu-kuka cewa waɗansu sun mai da ranar ta zama gasar nuna arziki. Amma mutumin nan da ke tsaye a kan baƙinsa ya isa mu tsaya mu dube shi.

Abin da Ya Haɗa Mu da Su

Su da cokali su ke ci a teburi, mu da hannu a tabarma. Mai-gidansu yana tsayawa kan baƙo, namu yana ba shi wuri. A ido kamar gabas da yamma ne. Amma Basabiyen da ya ƙi zama da Bahaushen da ya fara cire hannu abu ɗaya su ke faɗa: wanda ya fi kowa iko a kan abinci, shi ya kamata ya fi kowa kame kansa. Cokali ko hannu, kujera ko tabarma, wannan tufa ce kawai, kowace ƙasa da ɗinkinta. Krista ba ya ƙara tsarki domin ya sayi teburi, ba ya kuma raguwa domin yana ci a ƙwarya. Amma ko mai-ƙarfi ya kame kansa ko bai kame ba, wannan ya wuce tufa, ya taɓa zuciya.

Litafi Mai-tsarki ma haka ya nuna. A Farawa sura 18, Ibrahim yana da shekara kusan ɗari, mai-bayi da garkuna, amma da baƙi uku suka zo, shi da kansa ya sheƙa garke ya zaɓo maraƙi, ya kuma tsaya kusa da su a gindin itace suna ci. A sura 43 Yusufu ya zaunad da 'yan'uwansa bisa ga shekarunsu, babba a wurin babba, amma rabon autansu Banyamin ya riɓa na kowa sau biyar. Bai rushe girman manya ba, bai kuwa auna rabo da shekaru ba. Ubangijinmu Yesu kuma, a daren da aka bashe shi, ya tashi daga wurin jibi ya ɗaura mayafi ya wanke ƙafafun almajiransa. Ashe wanda ya fi kowa girma a ɗakin nan shi ne ya tashi, saura suna zaune.

Inda Al'ada Ta Gurgunce

Abin baƙin ciki shi ne, a wurare da yawa an riƙe rabin dokar, an yar da rabi. An tuna babba ne ke farawa, an manta babba ne ke ragewa.

Ku dubi yadda a ke yi a waɗansu bukukuwan ekklesiya, ko na aure, ko godiyar kaka, ko Kirsimeti. Akan kafa teburin manya a gaba, a jera fastoci da dattawa da baƙi masu-mota. Su a ke fara kai wa kaji da shinkafa da lemon kwalba, har a ƙulla musu na tafiya gida a leda. Bayansu sauran maza. Matan zumunta da suka kwana fiɗa da tuƙi a bakin murhu, su sai ƙanzo. Gwauraye tsofaffi suna can gefe suna jira a tuna da su. Yara kuwa a tura musu tire ɗaya su yi wawaso, mai-ƙarfi ya kwashe, ƙaramin ya koma yana kuka. Watau waɗanda suka bar nama a gida su ne suka ci nama, waɗanda rabonsu da shi tun bara suka koma da ƙamshi.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. Manzo Bulus ya tsauta wa ekklesiyar Korinti a kansa, gama masu-hali sukan riga su cinye nasu, matalauci ya iso ya tarar ba kome. Ya ce da su wannan rena jama'ar Allah ne da kunyatad da marasa-shi, ya umurce su su jira juna. Gunaguni na fari da ya tashi a ekklesiyar Urushalima ma a kan rabon abinci ne, da aka riƙa tsallake waɗansu gwauraye, har aka zaɓi mutum bakwai domin aikin nan.

A cikin gida abin ya fi zafi. A waɗansu gidaje tsoka da romon kirki na kwanon mai-gida ne. Mace mai-goyo ita ce ta ƙarshen ci. Ɗan shekara biyu kuwa a haɗa shi kwano ɗaya da 'yan shekara goma, kafin ya hura loma ɗaya ta huce sun yi biyar. Kada wani ya ce ƙaramar magana ce. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna ƙananan yara a Katsina da Jibiya da nan Mashi, ta tarar a waɗansu wurare fiye da uku cikin goma suna fama da tamowa. A watan Yuli na 2025 kuma ta sanar yara 652 suka mutu da wannan cuta cikin Jihar Katsina a watanni shida na farkon shekarar. Mun sani manyan dalilan su ne talauci, da tsadar hatsi, da 'yan bindigan da suka raba mutane da gonakinsu. Iyaye da yawa sun hana kansu domin 'ya'yansu, abin bai isa ba, ba kuwa mai-ɗora musu laifi. Amma daidai lokacin da abinci ya yi kaɗan ne tsarin rabo ya ke zama maganar rai da mutuwa.

Abin da Za a Ce Mana

Wani za ya ce, "Ashe ba a umurce mu mu girmama iyaye da masu-furfura ba?" Hakika an umurta, ba mu kuwa so ko kaɗan a rage. Bari dattijo ya zauna a wuri mai-kyau, ya yi addu'a, ya fara sa hannu, ya raba nama. Tsohon da haƙoransa suka zube, shi ma yana cikin raunana, a zaɓa masa mai-taushi. Amma girma dabam, ƙoshi dabam. Hausawa sun ce tuwon girma miyarsa nama, ma'anarsa kuwa mai-son girma shi ne ke sayen naman da jama'a za su ci. Wanda ya karɓi girma ya kuma haɗa da rabon marayu, ya ci riba biyu a kan jari ɗaya.

Wani kuma za ya ce, "Mai-gida ne ke riƙe da fartanya. In bai ƙoshi da damina ba, wa za ya noma abin da za a ci baɗi?" Wannan magana tana da nauyi, ba za mu yi wasa da ita ba. Mai-noma yana bukatar tuwo da yawa, a ba shi. Amma abin da ƙaramin yaro ya ke bukata ba ya da yawa: ƙwai ɗaya, ɗan wake, ƙullin gyaɗa a kunu, ɗan nono, ganyen zogale a miya. Cikinsa ƙarami ne, sai a ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa a yini. In babba ya rasa tsoka ɗaya, gobe yana gona. In yaro ya rasa abincin kirki cikin shekara biyu na farkon ransa, tsumburewar jiki da ta ƙwaƙwalwa takan bi shi har girma. Hasarar ba ɗaya ba ce, saboda haka rabon ma bai kamata ya bi ƙarfi ba. Mace mai-ciki da mai-goyo kuwa mutum biyu su ke ciyarwa, ga daka, ga ɗiban ruwa.

Na uku za ya ce, "In an saba wa yaro da ƙwai da nama, za ya yi kwaɗayi, ya koyi sata." Mun ji wannan tun muna yara, amma bari mu auna. Wane yaro ne ke laɓewa ya buɗe tukunya, wanda a ke ba shi rabonsa a fili, ko wanda kullum ya ke kallo ana ci? Hana yaro ba ya koya masa kamewa. Abin da ke koya masa shi ne ya ga ubansa, wanda ba mai-ikon hana shi, ya cire hannu da kansa.

Na huɗu za ya ce, "In ba mu cika wa manyan baƙi ciki ba, za a rena ekklesiyarmu." Sai mu tambaya, a gaban wa mu ke jin kunya? Baƙon kirki ba za ya ji daɗin kaza ba in ya san gwauruwa tana bayan ɗaki ba ta karya ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Yakub ya gargaɗi masu-bi a kan ba mai-zoben zinariya wuri mai-kyau a bar matalauci a tsaye, ya kira wannan tara, ya kuma ce zunubi ne.

Amsar Tambaya

To, wa ya kamata ya fara ƙoshi? Amsarmu ita ce, babba ya fara sa hannu, amma marar-ƙarfi ya fara ƙoshi. Ba baƙuwar koyarwa muka kawo daga Turai ba. Tsohuwar dokar akushinmu ce cikakkiya, wadda Maganar Allah ta tabbatar. Ga abin da mu ke roƙon 'yan'uwa su gwada.

Na ɗaya, ƙaramin yaro a ba shi kwanonsa shi kaɗai, wani babba ya zauna kusa da shi har ya gama.

Na biyu, kafin a fitad da kwanon zaure, mai-gida ya tambaya ko an ɗibar wa mai-goyo da marar-lafiya da tsohuwa. Tambaya ɗaya daga bakinsa ta isa ta sake tsarin gida.

Na uku, a bikin ekklesiya a fara zuba wa yara a zaune cikin tsari, da gwauraye, a kuma keɓe rabon masu-dafuwa tun tukunya tana cike.

Na huɗu, mu fastoci da dattawa, ko sau ɗaya a shekara, mu bar teburin gaba mu ɗauki tire. Ba wanda za ya iya tashe mu daga kujeran nan, gama jama'a suna jin nauyinmu. Sai mu tashi da kanmu.

Na biyar, inda ciyayya ta mutu a tashe ta, a kuma buɗe ta ga maƙwabci kowane iri ne.

Kaka tana zuwa, bayanta Kirsimeti. Kowane mai-gida da kowane shugaban ekklesiya ya riga ya san wanda ya saba komawa gida da yunwa daga bikinsa, ya san sunansa da inda ya ke zama. Bari a bana a fara kai kwano wurin. Allah ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.